Rijiyar da Ta Riƙe Gagare

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Jimada Sani, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gagare na Zakka, tsohon dakare, maginin ganuwa, mahaƙin rijiya. Wanda Ya ba mu aronsa Shi Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Bai yi jinya ba. Rijiyar da yake haƙa wa mutanen wata sabuwar unguwa kusa da Tsaskiya ce ta rufta da shi yana ƙasa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu yana cikinta.

Ni ne Mati, taubashinsa. Uwarsa ƙanwar ubana ce, gida ɗaya muka tashi, shi ya kama dagi ni na kama alƙalami. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu ɗauke shi a makara ba, babu wanda ya ga fuskarsa. Tun kafin a yi sadakar uku na fara jin abin da ake faɗa a kasuwar Safana, wai mutumin da ya cika ƙasar nan da ganuwa da rijiyoyi, iyalinsa sun bar shi a rami kamar akuyar da ta faɗa. Masu faɗin haka ba su tsaya a bakin rijiyar ba. Ni na tsaya. Abu biyu ne a gabanmu ranar, gawar Gagare a ƙasa, da ran ɗansa Salmanu a sama, wanda ya rantse sai ya shiga ya ɗauko ubansa. Zan faɗi yadda aka yi. Amma sai na fara faɗin wane ne mutumin, don kada a auna mutuwarsa ba a san rayuwarsa ba.

Gagare, da kai zan yi maganar, don ban saba yi da kai a bayan idonka ba.

Tun muna yara ba ka iya ganin ƙasa ka ƙyale ta. Mu muna can muna bin kurciya, kai ka durƙusa kana tonon ramin gafiya, ba don naman ba, don ka ga yadda ta tsara ɗakunanta. Ni na sa maka suna Dabgi, sunan kuwa ya bi ka har furfura. Kai ma ba ka bar ni ba, Malam Hannun Lalle kake ce mini, wai tafina bai taɓa sanin kanta ba. Ni ɗan namiji ne kai ɗan mace, saboda haka duk inda muka haɗu sai na ce ga bawana ya iso, kai kuma ka ce Allah Ya raba ka da ubangidan da ba ya iya ɗaure akuya. Mun tsufa muna wannan abu. Jikokinmu sun ɗauka faɗa muke yi.

Shekarar da gemunka ya fara tsirowa aka buga gangami, mahara daga Maraɗi sun ƙone ƙauyuka a gefen dajin Rugu. Kowane gari ya ba da mutanensa, Zakka ta ba da kai da wanka Jinjiri cikin waɗanda ta bayar. Ka yi shekaru kana bin rundunar Katsina a ƙasa, da baka da kwari da goran ruwa. Ni ban je ba, ba zan ari jaruntar da ba tawa ba. Amma waɗanda suka je sun ce hannunka ba ya rawa, kuma ba ka taɓa shan ruwanka ka hana na kusa da kai ba.

A wata fadama cikin dajin aka yi muku kwanton ɓauna. Kibiya ta sami Jinjiri a wuya ya faɗi, mutanenku suka ja da baya. Da kuka kai tudu ka ce ba za ka bar ɗan'uwanka ga ungulu ba. Ka roƙi wani abokinka mutumin Darini ya raka ka, ya kuwa raka ka. Shi bai dawo ba. Kai ka dawo da rarrafe da kibiya a cinya, Jinjiri kuma yana nan inda ya faɗi. Aka ƙona wurin da jan ƙarfe saboda dafi, ka rayu, ɗingishi ya zauna maka. Abokin nan ya bar jariri, uwar yaron ma ba ta daɗe ba ta bi mijinta. Ranar da ƙafarka ta fara ɗaukar ka, Darini ka nufa, ka dawo da yaron a kafaɗa. Shi ne Ɗanjuma. Ko aure ba ka yi ba lokacin, uwarka, gwaggona, ce ta goya shi har aka kawo maka Hansai, ta karɓe shi kamar ita ta haifa.

Ba ka taɓa ba da labarin yaƙi don a yaba maka ba. Maroƙa sun gaji da kai, in sun fara kirari sai ka tashi ka ce akuyarka ta kwance. In samari sun matsa sai ka ce musu abin da ka koyo a yaƙi biyu ne, ƙishirwa da ciwon ƙafa. Sau ɗaya ka ba ni labarin fadamar nan, ba ka sake ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Da yake mai ɗingishi ba ya kai hari, sai aka mai da kai wajen masu kafa sansani, masu sare itace su yi kafi su haƙa gwalalo kafin runduna ta sauka. A can ka haɗu da wani tsohon magini daga birni, ka bi shi kana ɗaukar masa tubali har hannunka ya faɗa. Da ka bar yaƙi ka dawo gida da sana'a, ba ka dawo da ganima ba.

Ganuwar Darini ita ta fito da sunanka. Dattawan garin sun so a ja ta kusa da gidaje don aikin ya yi sauƙi, kai ka kafe sai ta haɗa da tafki da 'yan gonakin da ke bakinsa. An yi ta musu har ka naɗe tabarmarka za ka tafi, sannan suka yarda. Ka yi ƙofar a karkace yadda doki ba zai shige ta a guje ba, ka sa aka dasa sarƙaƙiya a bayan gwalalo, ka raba wa kowace unguwa yankin da za ta riƙa yaɓewa bayan damina. Da mahara suka zo daga baya, sun kewaye garin sun gaji sun koma, na ciki suna shan ruwansu. Aka aiko maka da sa. Ka yanka ka raba wa waɗanda suka kwaɓa ƙasa, ni ubangidanka kuwa ƙafa ɗaya ka aiko mini, ka ce daidai aikin da na yi ke nan.

Daga baya ka koma rijiya gaba ɗaya. Ka lura mahara sun daina ɓata kibiyarsu a kan garin da ke da ganuwa. Sai su laɓe a bakin rafi da rani su jira mata su zo tonon ruwa. Ka ce mini duk katangar da ka gina banza ce matuƙar tulu zai fita ƙofa. Da sassafe kake fita ba takalmi, kana duba inda suri ya tsaya, da inda ɓaure ya ƙi zubar da ganye, ka ɗebi ƙasa ka murza, ka sa a baki. Na sha ce maka, ɗan gwaggo, in yunwa ce ka zo gida akwai tuwo. Ba kullum kake dacewa ba, kada a ce na yi maka ƙarya don ka mutu. Wadda ka haƙa a ƙofar gidana ta yi zurfi har mutum ba ya ganin ƙasanta, ba ta ba da ko danshi ba. Ka fito ka kaɗe jikinka ka ce laifin mai gidan ne. Amma daga Zakka har ƙauyukan Ruma akwai matan da suka tsufa a ɗakunansu saboda kai, ba su ma san sunanka ba.

A gida kuwa, Hansai ce shaidarka. Ranar da aka kawo ta, ta tarar da ɗakin soro mai baka irin na masu sarauta, a cikin gidan da zaurensa na kara ne. Mutane suka yi ta dariya, ka ce baƙo zaure yake gani ya wuce, ita kuwa a ɗakin za ta zauna. Kun binne 'ya'ya huɗu tare. Kai kake haƙa musu kabari da hannunka, ba ka yarda wani ya taɓa maka dagin. Tun daga nan ya zama duk wanda ya mutu a Zakka kai ne farkon zuwa maƙabarta, mai kuɗi ne ko baƙon da ba a san danginsa ba. Biyu suka rayu muku, Salmanu ɗan fari da Asta auta. Asta ta sha gata, ita kaɗai ke iya karɓe abu daga hannunka kana cikin fushi.

Fushi kuwa kana da shi. Zuciya gare ka, da taurin kai irin na jakin da ya ga ruwa. Ka taɓa rushe rumbun da Salmanu ya gama ginawa, a gaban matarsa, don ya ɗan karkace yadda ni ban ma gani ba. Yaron ya daɗe bai taka zaurenka ba, ni na yi ta kai da kawowa har kuka shirya. Ba ka ba shi haƙuri ba, ba ka iya wannan ba. Sai dai wata safiya ya tashi ya tarar ka kwaɓa masa ƙasar sabon rumbu ka tafi.

Ka koya wa Salmanu ginin ganuwa har ya fi ka sauri, amma ba ka taɓa bari ya shiga rijiya ba ko sau ɗaya. Ɗanjuma ka koya wa wannan. Mutane suka ce ka ajiye naka a sama ka tura maraya ƙasa. Maganar ta dame ni har na same ka da ita. Ka dube ni ka ce, "Mati, dubi ƙirjin Salmanu. Wanga in ya shiga rami, shi da ramin wa za ya yi numfashi? Ɗanjuma kuwa, duk ramin da ya shiga, ko ina ciki tare da shi, ko igiyarshi tana hannuna." Na bi diddigi shekara da shekaru, ban taɓa kama ka da saɓa wannan magana ba.

Mutanen unguwar nan ta kusa da Tsaskiya manoma ne, wasu Musulmi wasu Maguzawa. Sun kafa kafi mai kyau amma ba su da ruwa a ciki. Bara da rani aka kama musu mata biyu a rafi, ɗaya da goyo. Suka zo Zakka suka durƙusa a zaurenka. Hansai ta ce ka tsufa, ni ma na ce ka tsufa, ƙafar ma ta fara ƙin ɗaukar ka zuwa masallaci. Ka ce to, ni da Hansai mu tashi mu je mu gaya wa mijin mai goyon haka. Babu wanda ya tashi a cikinmu. Kai ka tashi, ka ɗauki daginka, Ɗanjuma ya ɗauki igiya.

Abin da ya biyo baya daga bakin Ɗanjuma na ji shi. Kun ci rani kuna haƙa. Kun wuce marmara lafiya, sai kuka faɗa rairayi, ƙasar da ba ta riƙe kanta. Ka sa aka saro ƙirya kuna ɗaure bangon da ita kuna sauka. Itacen ya ƙare, masu saro wani ba su dawo daga daji ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwan farko kuwa in ya sauka kafin a gama aikin ya lalace. Ranar Talata danshi ya fito a kwando, matan unguwar suka yi guɗa. Kai da ka rushe rumbu saboda karkatar da ido ba ya gani, ka ji guɗar nan ka ce a ci gaba ba itace. Wannan ne kuskurenka, kuma na san da kana nan kai za ka fara faɗinsa.

Da safen Laraba Ɗanjuma yana ƙasa ya kira ya ce bango yana zubo da yashi. Ka sa aka zura ka don ka gani da idonka. Ka shafa bangon, ka kwance igiyar daga ƙugunka ka ɗaura masa, don mutum ɗaya take ɗauka. Ya ce kai ka fara hawa. Ka daka masa tsawa, ka ce ya hau ya turo maka itace ko na dangar wani ne. Ya hau. Aka mayar da igiyar. Tana cikin sauka aka ji ƙara, ba mai yawa ba, Ɗanjuma ya ce kamar an zazzage taikin gero. Ƙura ta taso. Igiyar ta tsaya a kan ƙasa tun ba ta kai inda take kaiwa ba, da saura mai yawa.

Sun kira ka har muryoyinsu suka dishe. Ɗanjuma ya koma ciki da kwando, yana kwasar ɗaya biyu na zubowa. Can da yamma itacen da ke sama ya saki, bangon ya sake ruftawa, ya binne shi har ƙirji ya karya masa ƙafa. Da ƙyar aka jawo shi. Dattawan unguwar suka ce ba mai sake shiga, aka tura mutum Zakka, aka tura wani Darini inda Salmanu ke gyaran ganuwa.

Na iso da safen Alhamis. Na bar Hansai a ɗakinta mata sun kewaye ta. Na leƙa rijiyar sau ɗaya ban sake ba. Bakin ya tsage ta ɓangare biyu, in mutum ya taka kusa sai ya ji yashi na zuba a ciki. Babu mai rai da zai kwana ƙarƙashin wannan ƙasa, kowa ya sani.

Salmanu ya iso bayana, shi da abokan aikinsa huɗu, ƙafafunsu duk jini don ta cikin ƙaya suka yanko. Shi ma ya sani. Ba ceto ya zo yi ba, so yake ya wanke ubansa ya sa shi a likkafani. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya gitta wani ƙaton itace a bakin rijiyar, ya ɗaure igiya a jiki, ya shiga murza ta yana gwada ƙarfinta. Dattawa suka yi magana bai ji ba. Aka ɗauko Ɗanjuma a kan ƙyaure, yana kuka yana roƙonsa, ya ce shi da ya tsufa a rami ga yadda ta yi masa, balle wanda bai taɓa shiga ba. Bai ji ba. Ni na ja shi gefe. Na gaya masa wanda ƙasa ta rufta wa shahidi ne, ba ya bukatar komai daga hannunmu sai addu'a. Na tuna masa matarsa da tsohon ciki. Ya saurare ni har na gama don yaro ne mai ladabi, sannan ya ce, "Baba, shi ya gina ma kowa kabari a Zakka. Ni in koma in ce ma mutane mi?"

Ka ji, Gagare. Duk karatun da kake yi mini ba'a da shi bai ba ni abin da zan ce wa ɗanka ba.

Muka yi sallar La'asar, ana sallamewa ya miƙe ya ɗaura igiyar a ƙugu. Ya ce wa abokansa in sun riƙe masa to, in ba su riƙe ba zai sauka da hannunsa. Suka riƙe suna hawaye. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan itacen, ƙasa ta gutsure a ƙarƙashinsa ta faɗa ciki. Na ga kamanninka a bayan wuyansa, taurin kan nan naka sak, na san mun rasa shi.

Sai mutane suka dare. Hansai ce, Asta na biye da ita. A ƙasa ta zo tun daga Zakka, ba takalmi, ƙafafun sun kumbura. Mace mai takaba ba ta fita, mata ba sa zuwa inda ake rufe mamaci, ta san wannan duka fiye da mu. Ba ta dubi rijiyar ba. Salmanu ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai wancan, ko yaron nan, ba ta kuma taɓa tsayawa ta yi masa magana a gaban mutane ba. Ta zo har kusa da shi ta tsaya.

Ta ce, "Salmanu."

Ya juyo kamar an mare shi. Mutum mai shekara talatin da wani abu, yau ya fara jin sunansa a bakin uwarsa.

Ta ce, "Rijiyar ga ta ɗauke mani guda. Ba ni ba ta na biyu."

Ya ce, "Inna, ko likkafani fa bai samu ba."

Ni ta juyo ta duba, ta ce, "Malam, ƙasa ta riga ta rufe shi. Ka yi mashi salla." Ta koma gindin kafi ta zauna, ta ba mu baya.

Na gane abin da take nufi. Matuƙar ana ce wa wurin rijiya, Salmanu zai shiga. In aka yi salla ya zama kabari, kabari kuwa ba a tone shi. Na san malamai sun yi saɓani a kan wanda ba a samu yi wa wanka ba. Na ɗauki maganar masu cewa wanda ƙasa ta rufe ba a sallace shi ba, a sallace shi a kan kabarinsa. In na yi kuskure Allah Ya yafe mini, amma ko yau aka mayar da ni wurin haka zan yi.

Na tsaya yamma da rijiyar na fuskanci gabas. Mutane suka fara jeruwa a bayana, Maguzawan unguwar suka koma gefe. Masu riƙon igiya suka dubi juna, ɗaya ya ajiye ya shigo sahu, sauran suka biyo shi. Aka bar Salmanu shi kaɗai a gabana, ƙafa ɗaya a kan itace, igiyar tana ɗaure a ƙugunsa, ɗaya bakin a jikin itacen. Zai iya sauka da kansa, ya riga ya faɗa.

Na yi kabbara ta farko yana nan tsaye. Na yi ta biyu bai motsa ba, ina jin yashi na zuba. Ban taɓa jan addu'a a kan gawa kamar ranar ba, bakina yana roƙa maka gafara, zuciyata tana kan ƙafar yaron nan. Na yi ta uku. Na sunkuyar da kai don kada in ga abin da nake tsoro. Ina cikin addu'a sai na ga igiya tana jan ƙasa ta gefen ƙafata, a hankali, ta nufi baya. Na yi ta huɗu, na sallame, na juya.

Yana ƙarshen sahun farko, nan ne iyakar inda igiyar ta kai shi, ta miƙe tsam tsakanin ƙugunsa da bakin rijiyar. Kabbara ɗaya ya samu tare da mu. Kowa ya sallame shi bai sallame ba. Ya tsaya ya rama ukun da suka wuce shi, shi kaɗai, da ƙarfi, muna tsaye muna ji. A ta ƙarshe muryar ta karye. Ya sallame, ya kasa kwance ƙullin da hannunsa, sai da na yanke masa da wuƙa.

Shi ya fara zuba ƙasa. Tulin da kuka ci rani kuna fitarwa da kwando, shi muka mayar, Musulmi da Maguzawa, har da mijin matar nan mai goyo. Kashegari muka ƙarasa, muka jera duwatsu muka sa ƙaya. Da dare ya yi ruwan farko ya sauka.

To masu magana a kasuwar Safana, ga abin da ya faru. Ba a bar Gagare don an raina shi ba. Wanda ya fi kowa son ɗauko shi sai da aka ƙwace shi daga bakin ramin. Duk mai ganin zai iya abin da ya fi haka, ya roƙi Allah kada Ya gwada shi.

Ya Allah, ga bawanKa Gagare ya zo maKa ba wanka ba likkafani, da ƙasar aikinsa a jiki. Ka wanke shi da rahamarKa, Ka tufatar da shi daga wajenKa. Ka yalwata masa wannan wuri mai ƙunci, Ka haskaka masa shi. Ka yafe masa zafin zuciyarsa da gaggawar da ya yi a ƙarshe, Ka dubi dalilinta. Duk tulun da aka cika a cikin gari saboda shi, Ka sa a mizaninsa. Ka shayar da shi, ya sha ƙishirwa da yawa a duniya. Ka haɗa shi da Jinjiri da abokinsa na Darini da 'ya'yansa huɗu da suka riga shi. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina yi wa Asta ta'aziyya, da jikoki, da mutanen Zakka da Darini. Ina yi wa mutanen unguwar nan, waɗanda matansu za su koma rafi in rani ya dawo, Allah Ya tsare su Ya kawo musu wani mahaƙin. Ina yi wa Ɗanjuma, wanda ke kwance da karaya yana cewa shi ya kamata ya zauna a ƙasa. Ɗanjuma, ba kai ka zaɓa ba, tsawa aka daka maka, kuma ka san ba a yi masa musu. Ina yi wa Salmanu. Har yanzu ba ya son haɗa ido da mutane, gani yake ya gaza. Ɗana, ba ka gaza ba, ka yi wa ubanka salla, ka bi maganar uwarka a ranar da bin ta ya fi mutuwa wuya. Ni kuwa ban san wanda zai yi mini ba, an bar ni da baki cike da tsiya ba wanda zan yi wa.

Hansai ce ta ƙarshe. Ta koma ɗakinta mai baka tana takaba, ba ta ƙara ce wa kowa komai a kan ranar ba. Jiya da aka yi sadakar bakwai ina zaure na jiyo muryarta daga ciki tana ce wa Asta, "Kai ma wancan fura, tun safe bai sa komi a bakinshi ba."

Allah Ya ba ta haƙuri. Allah Ya bar mata shi.